Zauren gidan baƙi ya koma cikin waya

Kawuna yana da gidan baƙi mai ɗaki 14 a Sakkwato, tafiyar 'yan mintuna a Keke Napep daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masu sauka wurinsa galibi masu jinya ne da suka kawo mara lafiya daga Kebbi ko Zamfara, ko suka tsallako daga Nijar ta Illela. Akwai iyayen da suka rako 'ya'yansu rajistar jami'a, da 'yan bautar ƙasa da ke kwana ɗaya kafin su wuce sansanin Wamakko, da masu ziyarar Hubbaren Shehu. Shekara uku da suka wuce wani saurayi ya haɗa masa shafin intanet, aka sa hotunan ɗakuna da lambar waya da fom na kama ɗaki, Kawu ya biya, daga nan bai sake waiwayar shafin ba.

Kwanan baya sai ga saƙo ta imel, wai shafinsa ya saɓa wa ƙa'idojin duniya na kula da naƙasassu da na tsaro, wai tara na nan tafe, amma idan ya biya su za su gyara komai cikin kwana ɗaya. Ya kira ni bayan la'asar. "Ɗana, zaka ka duba mani wanga abu. Gaskiya ta, ko 'yan damfara na?"

Saƙon kansa tsoratarwa ce ta masu neman ciniki. Amma maganar da suka raɓe a bayanta gaskiya ce, kuma ta fi kusa da mu fiye da yadda Kawu ya zata. A da, wanda ya zo neman masauki zaure yake fara takawa. A nan ake amsa masa sallama, a nan yake ajiye kayansa, a nan yake gane irin gidan da ya zo. Yau zauren nan yana cikin waya: shafin intanet, da lambar WhatsApp, da shafin Facebook na gidan. Abin da ake tambayar mai zaure bai canza ba. Shin kowa na iya shigowa? Kuma abin da baƙo ya bari a hannunka, yana nan yadda ya bar shi?

Don in ga amsar tambayar farko da idona, na je wurin wani abokina malamin makaranta wanda ya rasa ganinsa tun yana yaro. Wayarsa ta Android ce, yana aiki da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa a fuskar waya. Na ce, "Malam, ga shafin Kawu, ka gwada kama mana ɗaki na kwana biyu." Ya kara wayar kusa da kunne, yana shafa ta da yatsa ɗaya. Muryar ta karanta sunan gidan, daga nan ta shiga jero "hoto, hoto, hoto" da Turanci, ba ta faɗi hoton mene ne ba. Farashin ɗakuna kuwa ta tsallake shi gaba ɗaya, domin saurayin nan a cikin hoto ya rubuta shi, irin fastar da ake yi wa talla, ita kuma manhajar rubutu take karantawa. Ya isa wurin zaɓen rana, kalanda ta buɗe, ya kasa fita daga cikinta. Ya ajiye wayar a kan cinyarsa ya ce, "Ka ga inda muke tsayawa kullum. Daga nan sai in nemi yaro ya duba mini, shi kuma ya san inda zan je da nawa zan biya."

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini. Shafin da makaho ba zai iya amfani da shi ba yana tilasta masa buɗe sirrinsa ga wani, har da lambar katinsa wani lokaci.

Akwai ma'auni da duniya ta amince da shi a kan wannan, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, ana kiransa WCAG. Bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a watan Oktoba na 2023. Yana da mataki uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyan ne dokokin ƙasashe suka fi nema. Sunan yana da ban tsoro, amma abin da ke ciki mai gida zai gane shi. Kowane hoto a liƙa masa gajeren bayani a rubuce, kamar "ɗaki mai gado biyu da fanka da banɗaki a ciki". Farashi a rubuta shi da haruffa na gaske. Kowane gurbi a fom ya kasance da suna, yadda manhaja za ta ce nan sunanka, nan lambar wayarka. Rubutu ya bambanta sosai da launin da ke bayansa, sun ma sa ma'auni, 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Mutum ya iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Maɓallan da ake latsawa kada su yi ƙanƙanta har yatsa mai rawa ya kasa samunsu.

Kawu ya ce makafi nawa ne za su kama ɗaki ta intanet a shekara? Tambaya ce ta ɗan kasuwa, kuma ba laifi ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Amma ba da wannan na amsa masa ba. Na miƙa masa wayata muna tsaye a ƙofar gida da rana tsaka, na ce ya karanta mini kuɗin ɗaki. Rubutu ne ruwan toka a kan fari, ga ranar Sakkwato ta watan Afrilu. Ya matso da wayar, ya nisanta ta, ya laluba aljihu neman tabarau. Gyaran da ake yi domin makaho shi ne ke amfanar dattijon da idonsa ya yi rauni, da mai ƙaramar waya, da matafiyin da ke hanyar Gusau sabis na ɗaukewa yana dawowa. Shafin Kawu bidiyo yake fara kunnawa da kansa, yana cin data kafin mutum ya ga ko da lambar waya. Wanda ya rako mara lafiya da dare, cajinsa saura kaɗan, ba zai jira ba.

Kurame kuma matsalarsu daban ce. Yawancin gidajen baƙi a garin nan, duk abin da aka rubuta a shafi, ƙarshensa "kira wannan lamba". Idan ba a amsa saƙon rubutu da muhimmancin da ake amsa kira, an rufe musu ƙofa ke nan.

Akwai wani ɓangare da ba ya buƙatar masanin kwamfuta sam, gaskiya kawai yake buƙata. Gidan da ke kusa da asibiti yana karɓar wanda aka yi wa aiki a ƙafa, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsohuwar da ba ta iya tsuguno. Abin da iyalansu ke son sani kafin su taso shi ne: akwai ɗaki a ƙasa? Matakala nawa ce a ƙofar shiga? Keken guragu zai wuce ƙofar banɗaki? Masai na zama ne ko na tsuguno? Wuta fa, ƙarfe nawa ake kunna janareta, akwai sola? A Amurka wannan doka ce: dole otal ya bayyana irin waɗannan abubuwa a wurin kama ɗaki. Wata mata mai naƙasa ta kai ƙarar otal-otal sama da 600 a kan rashin bayanin, ɗaya daga cikin ƙararrakin, wadda ta shafi wani ƙaramin masauki a jihar Maine, ta kai har Kotun Ƙoli, inda aka rufe ta a watan Disamba na 2023 ba tare da an yanke hukunci a kan asalin tambayar ba. A can ma wani makaho ya kai kamfanin Domino's ƙara saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron kukan kamfanin. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar ranar 28 ga Yuni, 2025.

Irin waɗannan labaran ne masu aiko wa Kawu saƙo ke kaɗawa. Dokar Amurka ta Amurka ce, ba ta bin gidan baƙi a Mabera ko Runjin Sambo. Mu tamu ita ce dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Ta sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ƙarfinta ya fi karkata ga gini da abin hawa da aiki da makaranta. Saboda haka a yau ba tsoron kotu ne zai sa mai masauki a Sakkwato ya gyara shafinsa ba. Ni a ganina ma ba ma buƙatar tsoron. Mutanen da suka gaji cewa baƙonka annabinka bai kamata sai alƙali ya tuna musu ba.

Abin da masu saƙon ke sayarwa, da na bincika, ɗan maɓalli ne da ake liƙawa a gefen shafi, wai shi zai gyara komai da kansa. Makafi da yawa da ke aiki da manhajar karatu sun daɗe suna kukan cewa irinsa ƙara rikita musu shafi yake yi. A farkon 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa wani kamfanin da ke sayar da shi biyan dala miliyan 1 saboda alkawarin da ya wuce gaskiya. Hoton da ba shi da bayani, sai wanda ya san ɗakin ya zauna ya rubuta.

Tambaya ta biyu, ta amana, ba daga shafin na fara ta ba. Daga teburin karɓar baƙi na fara. Akwai babban littafi a buɗe a kai, biro ɗaure da zare. Duk wanda ya zo zai rubuta sunansa, idonsa kuma na sauka a kan layukan da ke sama: sunan wance, lambar wayarta, garin da ta fito, lambar ɗakinta, ranar da za ta tafi. Na tambayi yaron da ke wurin yadda suke yi da katin shaida. Ya ce, "Yaya, hoto nike ɗauka." Ya buɗe wayarsa, tasa ta kansa, ga takardun NIN da lasisin tuƙi da fasfo na mutane birjik, a tsakanin hotunan biki da na ƙwallo. Wayar ba ta da makulli. Yaran da suka yi aiki kafinsa sun tafi da nasu wayoyin.

A wannan yanki, inda sanin wane ne ya sauka a ina, da yaushe zai kama hanya, ke iya zama sanadin a tare mutum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a nan doka ta riga ta iso. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma hau kan duk mai karɓar bayanan mutane. Ta ce a karɓi abin da ake buƙata kawai, a gaya wa mutum dalilin karɓa, a tsare shi, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tara ga ƙaramin mai sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa; ga manya kuwa miliyan 10 ko kashi 2. Ma'aunin da hukumar ta fitar a 2024 na waɗanda ya kamata su yi rajista ya ambaci mai riƙe bayanan mutum sama da 200 cikin wata shida. Gida mai ɗaki 14 kusa da asibiti yana wuce wannan adadin ba tare da ya sani ba.

Rubuta sunan baƙo da duba shaidarsa abu ne mai kyau, jami'an tsaro ma suna son a yi. Amma duba kati daban, tara hotunansa a wayar yaro daban. Mun koma ba kowane baƙo takardarsa guda, ya cika, a jefa a durowa mai makulli. An sayi ƙaramar waya ta gida, wadda ke kwana a gida.

A shafin kansa, abu na farko da na tambaya shi ne makulli. Da sunan wa aka yi rajistar adireshin? Wa ke da kalmar sirri? Kawu bai sani ba. Komai da imel ɗin saurayin nan aka buɗe, shi kuma ya bar gari. Allah ya sa mutumin kirki ne, da muka same shi ya miƙo komai. Da ya ƙi, ko da wa'adin adireshin ya ƙare wani ya saye, da Kawu ya wayi gari sunan gidansa na nuna lambar asusun wani. Mutum ba zai gina gida ya bar takardun fili a hannun magini ba, amma haka akasarin masu ƙananan masaukai ke yi da shafukansu.

An gina shafin da WordPress, tsarin gina shafukan intanet wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kansa. Shi kansa ba laifi gare shi ba. Ɓarakar ta fi zuwa daga ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, na kalanda da na hotuna da na fom, idan aka bar su ba sabuntawa. Masu kutse ba zama suke yi su zaɓi gidan Kawu ba. Na'urori suke saki suna ƙwanƙwasa miliyoyin shafuka dare da rana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu shekara uku ba a sabunta shi ba, kalmar sirrin kuma sunan gidan ce da shekarar da aka buɗe shi. Takardar shaidar da ke sa adireshi ya fara da https, wadda ke rufe abin da baƙo ya rubuta kada a karanta shi a hanya, ita ma ta mutu. Tun watan Yuli na 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke yi wa shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro, alhali wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta take ba da takardar, ana kuma iya saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Batun kati gajere ne: kada ƙaramin gida ya taɓa lambar katin kowa. Ƙa'idar kamfanonin kati, PCI DSS, ta hana ajiye lambobi ukun nan na bayan kati bayan an gama biya, ko a littafi ko a waya. Mai son karɓar kuɗi ta shafi ya bar wa masu lasisi irin su Paystack ko Flutterwave, baƙo ya biya a shafinsu, nauyin tsaron ya koma kansu. Mu nan dai taransifa ta fi yawa, kuma damfararta iri biyu ce. Akwai alat na bogi da ake nuna wa yaron tebur, maganinsa a duba asusu kafin a ba da makulli. Akwai kuma wanda ya fi ciwo, inda wani zai kwashi hotunan gidanka ya buɗe shafin Facebook da sunanka, ya riƙa karɓar kafin alƙalami, baƙo ya iso da dare da mara lafiya ya tarar ba a san da shi ba. Shi ya sa muka rubuta ɓaro-ɓaro a shafin: ga lambarmu guda ɗaya, ga sunan asusunmu wanda sunan gidan ne, ba ma neman lambar sirrin kowa.

Kada a ɗauka girma na karewa. A 2018 babban kamfanin otal-otal na Marriott ya bayyana cewa masu kutse sun kasance cikin rumbun bayanan otal-otal ɗinsa na Starwood tun 2014, abin ya shafi ɗaruruwan miliyoyin bayanan baƙi, har da lambobin fasfo, kuma hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020. Ƙananan otal-otal da ke kan Booking.com, shafin kama ɗaki ta intanet, su ma an sha shiga asusunsu ta hanyar aika wa ma'aikaci saƙon bogi kamar daga baƙo, ya latsa, a sace kalmar sirri, sannan a rubuta wa baƙi na gaskiya da sunan otal ɗin a ce su sake biya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan a nan shi ne tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri, a imel da WhatsApp da Facebook na gidan, da canza kalmar sirri duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, da ajiye kwafin shafin a wani wuri daban.

Inda abin ya fi ba ni wahala shi ne inda tambayoyin biyu suka ci karo. Da muka ga saƙonnin banza na cika fom ɗin, abin da ya fara zuwa mini shi ne in sa CAPTCHA, jarrabawar nan ta zaɓi hotunan da ke da mota ko karanta karkatattun haruffa. Sai na tuna Malam da wayarsa a kunne. Wannan jarrabawar bango ce a gabansa, ta muryar ma da Turanci take, cikin hayaniyar da aka sa da gangan. Haka fom ɗin da ke rufewa bayan minti biyu domin tsaro: mai gani da sauri ya wuce, dattijo mai laluben haruffa ya koma farko. Bugun WCAG na 2023 ya taɓo wannan, ya ce kada shiga asusu ya dogara ga haddace abu ko warware wasan ƙwaƙwalwa ba tare da wata hanya ba. Akwai dabarun kama na'urorin banza da baƙo ba ya ma ganinsu, kamar ɓoyayyen gurbi a fom wanda na'ura ce kaɗai ke cika shi. Da shi muka yi aiki. Kuma muka rage fom ɗin zuwa abu huɗu: suna, lambar waya, ranar zuwa, kwana nawa. Adireshin gida da ranar haihuwa da sana'a duk muka cire. Fom ya yi sauƙin cikawa ga Malam, kuma ko an shiga shafin ba abin kirki da za a ɗauka.

Na koma masa da shafin bayan sati biyu. Muryar ta karanta masa farashi, ta karanta "ɗaki na 3, a ƙasa, gado ɗaya, masai na zama", ya cika fom ɗin shi kaɗai, saƙo ya shigo wayar gida ina zaune kusa da shi. Ya nuna mini wuri ɗaya da har yanzu maɓalli ba shi da suna, na rubuta.

Bayanin ƙofofin ne ya sa Kawu ya ɗauko tef da kansa. Ya auna ƙofar banɗakin ɗakunan ƙasa guda biyar, ya tarar ɗaya ce kawai keken guragu zai wuce, ga kuma matakala biyu a ƙofar shiga da shekara da shekaru ake ɗaga marasa lafiya a kansu. Ya so a bar maganar matakalar kada ta kori ciniki. Na ce, "Kawu, in ba mu faɗa ba, a ƙofa za su gani, da dare, da mara lafiya a mota." Ya yi shiru, sannan ya ce a rubuta yadda take, kuma a kira magini ya zo ya duba inda za a zuba gangara. Tsofaffin littattafan baƙi guda tara suna nan cikin kabad a ofishinsa, an sa musu kwaɗo. Har yanzu muna jayayya a kan na wace shekara za a fara ƙonawa.